Littafin aikin Ɗakin Inna

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Na san halina: in ban rubuta ba, nan da wata biyu zan manta abin da ya sa na yanke wata shawara, in zo in warware ta da hannuna.

Aikin wani ɗan wasan waya ne, irin wanda ake ba ka hoto maƙare da tarkace, a jera maka sunayen kaya goma ko sha biyu a ƙasa, a ce nemo su ka danna. Ni da ƙanwata za mu yi. Ita ke zane, ni ke haɗawa a kwamfuta da daddare in na taso daga shago. Ba kuɗin kowa a ciki, ba wanda ya sa mu, in mun watsar ma ba mai tambayarmu.

Inna ce mafarin abin. Bara da ta yi jinyar ƙafa, wata biyu tana zaune wuri ɗaya, sai ƙanwata ta sa mata irin wannan wasa a waya don rage zaman shiru. Matar da ba ta san waya da komai ba sai amsa kira da sauraron karatu, sai ga shi ta riƙe wasan hannu bibbiyu. Abin da ya dame ta biyu ne. Sunayen kayan da Turanci suke, kullum sai an kira jikanta ya fassara, shi kuma da ya zo sai ya karɓe wayar ya nemo da kansa. Sannan ko an fassara, rabin kayan ba ta taɓa sa su a ido ba: takalmin sulu a kan ƙanƙara, abin zare toshiyar kwalba, ƙugiyar da ake jefawa ƙasan teku don tsayar da jirgi. Ran nan ta ajiye wayar ta ce da ni, "Kai ɗan nan, su mutanen nan ba su da ko ludayi a gidajensu ne?"

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Mun yi da ƙanwata ba za ta zana komai ba sai na yi mako biyu ina buga na mutane, in ga abin da ke riƙe mutum da abin da ke korarsa.

Laraba, 15 ga Janairu

Na fara da tsofaffin na kwamfuta. Wanda aka fi ambato a matsayin wanda ya buɗe wannan kasuwa shi ne Mystery Case Files: Huntsville, na kamfanin Big Fish Games da ke Seattle a Amurka, wanda ya fito a 2005. Ba shi da wata ƙawa: kai jami'in bincike ne, ga hoton wuri, ga jerin kaya, ga agogo yana tafiya. Kamfanin ya yi suna da fitar da sabon wasa kowace rana, a bar ka ka ɗanɗana na awa ɗaya kyauta, in ya yi maka ka saya. A ganina wannan awa ɗayar ta bar tabo a jikin wasannin zamanin gaba ɗaya, domin duk ƙarfin masu yi a farko yake tafiya, kamar mai tallan gyaɗar da ya jera manyan a sama.

Daga baya aka cakuɗa neman kayan da yawo. A Return to Ravenhearst na 2008 kana shiga ɗaki kana fita, kana tara makullai da guduma da ashana a jaka, kana buɗe ƙofofi, neman kayan ya zama kashi ɗaya kawai na tafiyar. Kamfanonin gabashin Turai, irin su Artifex Mundi na Poland da Eipix na Novi Sad a Sabiya, sun yi ta fitar da irin wannan ba adadi.

Sai zamanin Facebook da waya. Criminal Case na kamfanin Pretty Simple da ke Faransa ya fito a 2012, June's Journey na Wooga da ke Berlin a 2017, wanda labarinsa ke faruwa a shekarun 1920. Waɗannan kyauta ake saukewa, kuɗin a ciki ake nema. Zan dawo kan wannan.

Akwai ɗaya da ya fita daban, Hidden Folks, shi ma na 2017, aikin Adriaan de Jongh da mai zane Sylvain Tegroeg. Baƙi da fari ne kawai, zanen hannu, kuma duk ƙarar da ke ciki, ta mota, ta biri, ta buɗe ƙofa, da baki aka yi ta. Na tura wa ƙanwata hotonsa. Ta amsa da cewa, "Yaya, ashe ba sai da kuɗi ba." Na ce mata ba sai da kuɗi ba, amma sai da haƙuri.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako biyu sun cika, na buga wajen goma sha biyar, idona har yaji yake.

Babban alherin wannan wasa shi ne ba ya neman gwaninta. Ba saurin yatsa, ba wanda zai harbe ka, ba a cewa ka mutu ka koma farko. Wanda bai taɓa wasan waya ba, cikin minti ɗaya ya gane. Kuma yana ajiyuwa: an kira sallah, ka kife wayar, ka dawo almakashin yana nan inda ka bar shi. Shi ya sa mata manya suka fi yawa a cikin masu bugawa, shi ya sa kuma samarin ƙwallo da harbe-harbe suke raina shi. Raini ne na banza. Ka yi minti uku kana neman abu, ka zagaye hoton sau biyar, sai kawai ka gan shi a gabanka an jingina shi jikin ƙafar kujera, kamar tun ɗazu yana kallonka yana dariya. Duk wanda ya taɓa birkita ɗaki yana neman makullin da ke aljihunsa ya san wannan ɗanɗano.

Amma na lura ɓoyewa iri biyu ce. Akwai ta gaskiya, wadda in ka gano abin za ka ce kash, laifin idona ne. Akwai ta ha'inci, wadda ko an nuna maka za ka ce to wa zai ga wannan? A wani da na buga, giwa ce aka mayar kamar farcen ɗan yatsa aka ɗora a kan kanta. A wani, cokali ne aka ja shi ya yi tsawon ƙofa, aka dusashe launinsa har ana ganin katakon ta cikinsa, aka manna shi jikin dogaran ƙofar. A wani kuma allura ce baƙa a cikin lungu mai duhu. Da na ga maɓallin satar amsa yana ƙyalƙyali a gefe, uku kyauta sauran na sayarwa, sai na gane ba da idona ake wasa ba, da aljihuna ake.

Akwai kuma tarkacen da ba ya shiga hankali: madafa ce, amma ga kambun sarki, ga jimina, ga tayar mota a kan murhu. In wuri ya zama haka, sanin duniyar da ka zo da shi ba ya yi maka amfani, sai dai ka bi hoton layi-layi kamar mai shara. In kuwa wuri ne na gaske, tunani yana shiga: ina mace take ajiye allura? Ina tsoho yake rataye carbi? Nan daɗin yake.

Labaran kuwa, Allah ya kyauta. Kusan duk ɗaya ne: an sace yarinya, ga tsohon gida ba kowa, ga fatalwa, ga wani mai rufe fuska. Kowace ƙofa sai da gutsattsarin tambari uku take buɗewa, kamar mutanen garin ba su san kwaɗo ba. Ka sha wahala ka samo wuƙa, ka yanke igiya ɗaya, wuƙar ta ɓace daga jakarka, ka shiga ɗaki na gaba ka tarar da wata igiyar.

Na rubuta wa ƙanwata doka a takarda: kowane abu da girmansa na gaskiya, a inda hankali zai yarda a same shi, ba dusashewa, ba lungu mai duhu. Labari kuma ba ma yi tukuna.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zanen farko ya iso, da manhajar zane ta Krita ta yi shi. Ɗakin tsohuwa ne irin na gidanmu: gado mai rumfa, kabad cike da jeren samiru da langa da tasoshi, adudu a kan akwati, fitilar ƙwai, kaskon turare, darduma. Da na buɗe shi sai da na yi shiru, domin har ƙamshin ɗakin na ji.

Sai dai bai ɓoye komai ba. Kaya sha biyun da za a nema ta fi ba su kulawa, bakin layinsu ya fi kauri, launinsu ya fi haske, sai suka riƙa tsalle suna faɗa wa ido. Na nemo su duka kafin shayina ya huce.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. A 1980 Anne Treisman da Garry Gelade sun bayyana cewa in abu ya bambanta da maƙwabtansa ta siffa ɗaya tak, misali ja a cikin koraye, ido yana cafke shi nan take, ko maƙwabtan biyar ne ko hamsin. Amma in sai ka haɗa siffa biyu kafin ka gane shi, misali jan da'ira a cikin jajayen murabba'ai da korayen da'irori, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawansu ne yake ja maka lokaci. Ke nan ba ƙanƙantar da abu ake yi ba, maƙwabta ake nema masa. Faifai ya zauna cikin marufan kwanuka, duk masu zagaye. Tandun kwalli ya shiga cikin kwalaben turare. Carbi ya rataya kusa da jigida. Muciya ta jingina jikin ƙafar gado mai launinta.

Na yi mata wannan bayani a waya. Ta ce, "Yaya, ka ce dai in sake ɗakin gaba ɗaya." Na ce ba gaba ɗaya ba. Ta ce in lissafa abin da zai rage. Na lissafa, gado ne da darduma. Ta kashe wayar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Da Godot, manhajar ƙera wasanni, nake haɗawa, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata tana ɗaukarta. Na zagaye kowane abu da iyakar da ba a gani, wadda in yatsa ya faɗa cikinta za a ƙirga an samu. Da na sa sunayen, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai akwati ya fito, ƙwarya ta koma wani abu daban. Salon rubutun da na ɗauko ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Na canza zuwa Noto Sans, ya gyaru. An ɗauke wuta ƙarfe sha ɗaya ban adana ba, aikin awa biyu ya tafi. Laifina ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau aka kai wa mai ɗaki ɗakinta. Bayan la'asar na sa wa Inna a waya, ta gyara tabarau, na zauna gefe da biro na yi alkawarin ba zan buɗe baki ba.

Ludayi ne farko. Ko daƙiƙa biyar ba ta yi ba. "Ga shi cikin ƙwarya, ina kuma za a sa shi?" Faifan ya ɗan ja ta, da ta gan shi cikin marufai ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ja'ira," ƙanwata take nufi. Wannan dariyar nake nema tun Janairu.

Sai aka zo turmi. Ta danna turmin atamfar da ke kan adudu, wasa ya yi ƙarar kuskure. Ta sake, ya sake. Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka ce turmi, na ba ka turmi." Ni kuwa turmin daka nake nufi, wanda muka sa bayan ƙofa. Abin kunyar shi ne, wata ɗaya da ya wuce ni ne nake tsaki a kan wani wasa da ya rubuta kalmar Turancin nan da ke nufin jemage take kuma nufin sandar buga ƙwallo, na ɓata minti biyu ina neman jemage. Ga shi na haƙa irin ramin da hannuna. Da na duba jerinmu, gora ma haka take, ta ruwa ko ta dogarawa. Inna ta ƙara da cewa ba mai hankalin da ke ajiye turmin daka a ɗakin kwana, kuma kaskon turaren ya yi kusa da labule, gobara muke nema. An cire turmin, an matsar da kasko, sunan ya koma turmin atamfa.

Allura ta gan ta sarai, a soke jikin ƙwallon zare, amma sau huɗu tana dannawa ba ta shiga. Na zagaye ta daidai jikinta, yatsan mutum kuwa ba bakin biro ba ne. Google suna ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza 48 a ma'auninsu na fuskar waya, Apple kuma 44 a nasu. Na faɗaɗa iyakar duk ƙananan kayan, zan kuma sa a iya zuƙo hoton da yatsu biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki tabarma ce. Naɗaɗɗiya, a tsaye, ta cinye kusan duk bangon hagu, ita ce mafi girma a jerin. Minti huɗu Inna tana nema. Idonta ya saba da neman ƙananan abubuwa, sai ya ɗauki babban a matsayin bango. Na tuna gwajin da aka yi a Amurka a 2013, inda aka saka ɗan hoton goggon biri a cikin hoton huhu aka ba ƙwararrun likitoci 24 su nemo alamun cuta, 20 daga cikinsu ba su lura da shi ba. Na ba ta labarin don in rarrashe ta, ta ce ita ba likita ba ce, kuma tabarmar ba a haka ake jingine ta ba.

Daga nan jikanta ya karɓa. Bai karanta ko suna ɗaya ba, ya dinga watsa yatsu ko'ina kamar mai kiɗan kalangu, cikin daƙiƙa ashirin ya gama. Yawancin wasanni suna maganin wannan da horo: in ka yi kuskure a jere sai a daskarar da kai na ɗan lokaci ko a rage maki. To amma horon da zai kama shi zai kama Inna, da hannunta ke ɗan rawa. Na tsayar a kan sai an yi kuskure shida cikin daƙiƙa uku. Tsohuwa ba za ta kai wannan sauri ba.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu. Bayan tarawihi kawai nake taɓa aiki, shi ma rabin awa.

Jiya wajen buɗa-baki na nuna wa wani abokina da ya fi ni sanin kasuwar manhajoji. Ya yaba, sannan ya tambayi ta inda kuɗi zai shigo. Na ce ban sani ba. Ya ce in sa kuzari in sa talla, kowa haka yake yi.

Ga yadda kuzarin yake a wasannin da ake saukewa kyauta. Ana ba ka wani ma'auni a sama, duk shiga hoto yana cin wani kaso, in ya ƙare sai ka jira ya taru a hankali, ko ka saya, ko ka kalli talla. Kuma ba a barinka ka wuce hoto don ka gama shi sau ɗaya, sai ka maimaita shi ka tara taurari, makin kuma na sauri ne. A karo na biyar ba nema kake ba, hadda kake bayarwa: yatsa ya san inda agogo yake, ya san inda laima take, ido ma ba ya aiki. Abin da ya kawo ka, wato kallo a natse, shi aka fara yankawa.

Ba zan ce masu yin haka ɓarayi ba ne. Masu zane albashi suke ci, kuma wasa irin June's Journey shekara da shekaru ana ƙara masa sababbin hotuna, ba iska ke biyan wannan ba. Ba don tsarin yana kawo kuɗi ba, da kamfanin wasanni na Playtika bai sayi Wooga a 2018 ba. Kuma ba don kyauta ake saukewa ba, da Inna ba ta taɓa sanin akwai irin wannan wasa ba, domin ba za ta sayi wasa da dala ba ko a mafarki. Sai dai na ga yadda ta rabu da wancan na farko. Ba gajiya ta yi ba. Talla ce ta daƙiƙa talatin bayan kowane hoto, tana cin data, rannan kuma aka nuno mata wata da ba ta dace ba, jikanta yana zaune a gefe. Ta miƙa wa ƙanwata wayar ta ce a goge.

Na gaya wa abokina ba kuzari, ba talla a ɗakuna ukun farko. Ya ce bayan ukun fa? Na ce sai mun je. Ya ce da wannan tafiyar ba za mu je ba. Ƙanwata, wadda da yatsa take zane a kan waya rabin lokaci kuma take mafarkin sayen allon zane, ba ta ce komai ba, kuma shirunta ya fi maganarsa damuna.

Asabar, 22 ga Maris

Lissafin da ya hana ni barci: mako uku aka yi ana zana ɗakin nan da gyaransa. Inna ta gama shi a minti goma sha biyu ran farko, minti huɗu ran na biyu. Wannan ita ce cutar da ke jinin irin wannan wasa, hoto yana da tsadar yi, yana da saurin ƙarewa. Yanzu na fahimci abin da ke tura manyan kamfanoni ga maimaici, ko da ban yafe musu ba.

Mun gwada dabaru uku. Mun mayar da kayan da ake iya nema arba'in, kowane shiga a zaɓo sha biyu. Ya taimaka. Mun gwada nuna inuwar abu a maimakon sunansa. Yara sun so, Inna ta ce duk baƙaƙen abubuwa ne. Ta ukun ce ta ci: kacici-kacici. A maimakon a rubuta tsintsiya, sai a rubuta "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A maimakon ƙwai, "Ɗakin saurayi ba ƙofa." Sai ka warware a ka kafin ka nema da ido. Inna ta ba mu wasu takwas daga bakinta, biyu ban taɓa ji ba, kuma ta ƙi gaya mini amsar ɗaya har yanzu.

Za mu kuma ɗauki murya tana karanta kowane suna, don waɗanda ba sa karanta boko. Na so a yi ƙarar kayan da baki irin na Hidden Folks. Na gwada yin ƙarar murfin samira, uwargida ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sallah ta ba mu masu gwaji kyauta. Gida ya cika, na tura wa duk mai waya ta Xender, mutum goma sha ɗaya suka buga.

Gwaggonmu da ke aure a Sakkwato ta tsaya a kan carbi, ta ce tasbaha ne sunansa. Wani ya ce cazbi. Aka koma kan kwalli da tozali, aka kusa raba zumunci. Ba zan iya gamsar da kowa ba, amma zan sa in an danna suna a riƙe, sauran sunayensa su fito.

'Yar yayana mai shekara goma sha uku ba ta san adudu ba, ba ta san tandu ba, zunguru kuwa cewa ta yi ko wani tsuntsu ne. Sai ga ta a matsayin da Inna take bara a gaban takalmin ƙanƙara, a cikin ɗakin kakarta. Inna ta jawo ta ta zaunar, ta yi mata bayanin yadda ake cusa hannu a zunguru in an ƙunsa lalle, daga nan aka shiga labarin bikin wance da na wance, wayar tana ajiye a kan darduma har fuskarta ta mutu. Ban san ko in rubuta wannan a nasara ko a faɗuwa ba, tunda ba a gama hoton ba.

Wani ɗan'uwanmu ya ce in mun tashi talla mu rubuta cewa wasan yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa yana hana mantuwar tsufa. Na ƙi. A 2016 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa masu manhajar Lumosity, ta wasannin motsa ƙwaƙwalwa, biyan dala miliyan 2 a kan irin wannan iƙirari da ba su da hujjarsa. Abin da na gani da idona kawai shi ne mai buga wasan nemo kaya yana ƙwarewa a nemo kaya. Inna har yanzu tana neman tabaranta alhali yana goshinta.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Inda muke: ɗaki na ɗaya ya kammala, da murya, da kacici-kacici goma sha tara. Na matse hotunan, wasan ya sauko ƙasa da megabait talatin, yana tafiya ba intanet. A tsofaffin wayoyi biyu yana ɗan sarƙewa in an zuƙo hoto, ban gano dalili ba tukuna.

Don sa shi a Google Play akwai dala 25 ta rajista, sau ɗaya, sannan sabon asusu irin nawa sai mutum 12 sun yi kwana 14 suna gwadawa kafin a sake shi ga jama'a. Mutanen muna da su. Dalar ce muke kallo.

Hoto na biyu teburin mai koli ne: allurai, zare, maɓallai, madubai, reza, man shafawa, matajai, ɗan kunne, da duk wani ƙaramin abu. A nan dokarmu ta girman gaskiya ta fara cizonmu, domin komai ƙarami ne, kuma ƙanwata ta riga ta roƙi in bar ta ta ƙara wa allura tsawo kaɗan, kaɗan kawai. Na ce a'a, sannan na kwana ina tunanin ko a'ar tawa taurin kai ce. Wataƙila mu raba teburin gida biyu, kowane rabi ya cika fuskar waya.

Zanen gwajin da ƙanwata ta yi daga ka ta yi shi, Inna ta duba ta ce ba mai kolin da ke jera madubi yana kallon rana. Ranar Talata za mu shiga kasuwa mu nemi wani dattijo ya bar mu mu ɗauki hoton teburinsa. Ƙanwata ta ce in tanadi kuɗin zare ko ƙwallo biyu, don ba a tsaya wa mai koli a gaba hannu rabbana.